Gurbin Suna Na Sayarwa: Yadda Jerin Marubuta Ya Tona Asirin Wani Kamfanin Maƙalu a Rasha

A watan Yulin 2019 masu kula da Web of Science, ɗaya daga cikin manyan rumbuna biyu da jami'o'in duniya ke dubawa kafin su yarda da ingancin mujallar bincike, suka ja hankalin editoci kan wani shafin intanet na harshen Rashanci mai suna 123mi.ru. Shafin na wani kamfani ne da ke kiran kansa International Publisher, mai ofis a Mosko. Hajarsa guda ce: gurbin suna a kan maƙalar bincike da wani ya riga ya rubuta. Ka biya kuɗi, a sa sunanka cikin marubuta, maƙala ta fito a mujalla, ka kai ta gaban kwamitin ƙarin girma na jami'arku. A wancan lokacin kamfanin na taƙama da cewa ya sama wa masana fiye da 10,000 gurabe a maƙalu sama da 2,000. Wannan adadi daga bakin kamfanin ya fito, kuma mai talla ba ya rage wa hajarsa daraja, amma abin da bincike ya gano daga baya ya nuna cewa cinikin ba ƙarami ba ne.

Ba a ɓoye ake yi ba. A lokacin, duk wanda ya buɗe shafin zai tarar da tallace-tallace jere, kowanne da lambarsa. A kowane talla akwai batun maƙalar, da yawan guraben marubuta, da ƙasar da mujallar take, da rumbun da ke lissafa ta, Scopus ko Web of Science, da matsayinta a cikin mujallun fanninta, da lokacin da ake sa ran fitowarta. Gaban kowane gurbi an rubuta farashi. Gurbin marubuci na farko ya fi tsada, na ƙarshe-ƙarshe sun fi sauƙi, kuma gwargwadon darajar mujalla gwargwadon kuɗin. Mafi arha ya kama kusan rubul 15,000, wato wajen dala 180 a canjin lokacin, mafi tsada kuma ya haura rubul 400,000, kimanin dala 5,000. Gurbin da aka saya sai a nuna an kama shi. Sunan mujallar ne kawai ake riƙewa sai mutum ya biya.

Masu saye ba daga sama suka faɗo ba. A watan Mayun 2012 Shugaba Putin ya sa hannu a kan wata doka da ta ɗora wa ƙasar buri biyu: kason Rasha cikin maƙalun da Web of Science ke lissafawa ya kai kashi 2.44 cikin ɗari kafin 2015, sannan jami'o'inta biyar su shiga sahun ɗari na farko a duniya kafin 2020. Daga nan aka ƙaddamar da shirin 5-100 a 2013. Jami'o'i suka sauke nauyin a kan malamai: sabunta kwantiragi, alawus, ƙarin girma, duk aka ɗaura su da yawan maƙalun da mutum ya fitar a mujallun da waɗannan rumbuna suka sani. A Kazakistan ma ɗalibin digirin digirgir na bukatar maƙala a irin waɗannan mujallu kafin a ba shi damar kare kundinsa. Malamin da ke koyarwa safe da yamma, ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da kuɗin bincike, Turancinsa kuma bai kai na rubutun mujalla ba, an ce masa ko maƙala ko aikinsa. Wannan ba ya wanke wanda ya saya. Yana dai bayyana dalilin da ya sa kasuwar ta ci.

Aikin Anna Abalkina

Wadda ta zauna ta bi diddigin lamarin ita ce Anna Abalkina, 'yar Rasha mai bincike a jami'ar Freie da ke Balin a Jamus, wadda ta daɗe tana nazarin satar rubutu da cin hanci a harkar ilimi mai zurfi. Hanyarta ba ta bukaci wata na'ura ta musamman ba, haƙuri ta bukata. Ta tattara tallace-tallace 1,009 da shafin ya fitar tsakanin 2019 da 2021. Ta ɗauki batun kowanne ta shiga nema a rumbunan maƙalu ko akwai wadda ta fito da take iri ɗaya ko mai kama da shi. In ta samu, sai ta gwada sauran bayanan: yawan marubuta ya yi daidai da yawan guraben da aka tallata? Shekarar fitowa ta dace? Ƙasar mujallar ita ce wadda talla ya ambata? Taƙaitaccen bayanin maƙalar ya yi kama da na tallan?

A rahoton da ta fara sakewa a ƙarshen 2021, wanda daga baya mujallar Learned Publishing ta buga sabuntaccensa a 2023, ta gano aƙalla maƙalu 434 da alamu suka nuna daga wannan kamfani suka fito. Marubutansu na da alaƙa da ƙasashe aƙalla 39, mafi yawa daga Rasha, sai irin su Kazakistan da Sin da Yukiren da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ta ƙiyasta kuɗin guraben da aka tallata a shekarun uku a kan dala miliyan 6.5. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ba a mujallun banza kaɗai maƙalun suka fito ba. Da dama sun shiga mujallun manyan kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier da Springer Nature da Wiley da Taylor & Francis. A daidai wannan lokaci wasu masana a Amurka, Brian Perron na Jami'ar Michigan da Bryan Victor na Jami'ar Wayne State tare da abokin aikinsu, sun bi shafin ta tasu hanyar suka gano kusan maƙalu 200 da suka dace da tallace-tallacen.

Dacewar talla da maƙala hujja ce mai ƙarfi, sai dai tana da iyaka: sai an sami tallan. Kamfanin da ya rufe shafinsa, ko ya koma ciniki ta Telegram da WhatsApp, ya kuɓuce wa wannan hanya. Shi ya sa kashi na biyu na aikin Abalkina ya fi na farko amfani a ganina. Bayan ta tara maƙalun, sai ta ajiye abin da suka ƙunsa gefe ta zuba wa jerin sunayen ido, tana tambayar ko waɗannan mutane sun yi kama da waɗanda suka yi aiki tare.

Abin da sunayen suka nuna

Haɗin gwiwar bincike na gaskiya yana da tarihi. Ɗalibi yana rubutu da malamin da ya duba kundinsa. Abokan sashe ɗaya suna rubutu tare domin ɗakin gwaji ɗaya suke shiga, na'ura ɗaya suke jira. Wanda ya je ƙaro ilimi wata ƙasa yana dawowa da abokan aiki biyu ko uku, kuma za ka ci gaba da ganin sunayensu tare shekara da shekaru. Idan masanin tattalin arziki ya haɗu da likita a maƙala, batun ne ya haɗa su, misali kuɗin maganin wata cuta, kuma mai karatu zai iya nuna inda hannun kowannensu ya taɓa.

Maƙalun kamfanin ba su da wannan tarihi. Abalkina ta lura cewa sau da yawa kowane marubuci daga jami'a daban yake, wani lokaci daga gari daban ko ƙasa daban, alhali a al'adar rubutun ilimi a Rasha an fi ganin mutanen cibiya ɗaya suna rubutu tare. Fannonin marubutan ba su dace da juna ba, ba su kuma dace da batun maƙalar ba. Ba su taɓa rubutu tare ba kafin wannan maƙala, kuma galibi ba su sake ba bayanta. A ƙaddara maƙala ce kan koyar da lissafi ta kwamfuta, marubuta biyar: na farko malamin shari'a a wani gari, na biyu daga makarantar likitanci a wani garin, na uku daga sashen harsuna a wata ƙasa, haka har na biyar. Ka duba rubuce-rubucen kowannensu na baya, babu mai ko ɗaya a kan koyar da lissafi. Lamarin kamar motar haya ce a tasha: kowa ya biya kuɗin kujerarsa, na gidan gaba ya biya fiye da saura, babu wanda ya san na kusa da shi, in an iso kowa ya kama gabansa, gobe kuma da wasu fasinjojin za a gan shi.

Dalilin da ya sa wannan alama ke da wuyar gogewa shi ne daga tsarin cinikin kansa take fitowa. Kamfani zai iya sauya kalmomi don manhajar gano satar rubutu ta rasa abin kamawa. Zai iya ƙirƙiro alƙaluma masu kama da na gaske. Zai iya buɗe adireshin imel da sunan marubuci ya riƙa amsa wa edita a madadinsa. Amma ba shi ke zaɓar wanda zai sayi gurbi na uku ba. Wanda ya zo da kuɗi shi ke samu. In kamfanin ya ce sai masu fanni ɗaya, 'yan jami'a ɗaya, waɗanda suka saba rubutu tare ne za su sayi guraben maƙala guda, to yawancin guraben za su kwana ba a saya ba. Ribarsa tana cikin sayar wa baƙin juna, kuma jerin sunayen baƙin juna shi ne abin da ake bugawa a saman shafin farko, inda kowa ke gani.

To me ya hana editoci gani? Kamfanin ya ƙware wajen warwatsa hajarsa. Maimakon ya tura maƙalu ashirin mujalla ɗaya, sai ya tura ɗaya nan ɗaya can a mujallu masu yawa. Editan da maƙala ɗaya tal ta zo gabansa, da marubuta biyar daga jami'o'in da bai taɓa jin sunansu ba, ba shi da abin da zai gwada ta da shi. Masu tantance maƙala kuma, a mujallu da yawa, ba a ma nuna musu sunayen marubuta, kuma an yi hakan ne da kyakkyawar niyya don kada son rai ya shiga. Sai an tara ɗaruruwan maƙalu wuri ɗaya, kamar yadda Abalkina ta yi, siffar ke bayyana.

Daga aikin hannu zuwa lissafi

A 2024 wasu ma'aikatan kamfanin Digital Science, Simon Porter da Leslie McIntosh, suka buga wani nazari a mujallar Scientific Reports inda suka mayar da irin wannan lura zuwa lissafin da kwamfuta za ta iya yi a kan Dimensions, rumbun maƙalu na kamfanin, baki ɗaya. Ginshiƙin lissafin tambaya ce mai sauƙi: cikin mutanen da wane ya yi rubutu da su, nawa ne su ma suka yi rubutu da junansu?

Ga yadda abin yake da alƙaluma na misali. Matashin mai bincike da ke aiki a ɗakin gwaji ɗaya yana da abokan rubutu 10. Idan aka haɗa su bibbiyu, haɗuwa 45 ce za ta yiwu, kuma tunda kusan duk 'yan gida ɗaya ne, ba mamaki 35 daga ciki sun taɓa fitowa a maƙala tare. Shi kuwa wanda ya sayi gurbi a maƙalu 10, kowacce da baƙi huɗu, yana da abokan rubutu 40. Haɗuwa 780 ce za ta yiwu a tsakaninsu, amma wadda ta faru 60 ce kacal, wato shida-shida a cikin kowace maƙala. Na farko ya haura kashi 75 cikin ɗari, na biyu bai kai kashi 8 ba.

Wannan kaɗai bai isa ba, kuma su ma sun san haka. Farfesan da ya shekara talatin yana yaye ɗalibai shi ma adadinsa zai yi ƙasa, domin ɗalibansa na farko ba su san na yanzu ba. Saboda haka suka haɗa da wasu sharuɗɗa: mutum sabon shiga ne a fagen wallafa, amma yana fitar da maƙalu masu yawan gaske a shekara guda, abokan rubutunsa galibi sababbi ne irinsa, babu wani babba da ke maimaituwa a matsayin jagora, kuma yawan sunaye a maƙalunsa ya zarce abin da aka saba a fanninsa. Sabon shiga da ke da da'irar abokai irin ta tsohon farfesa, ba tare da malamin da ya shigar da shi ba, shi ne abin tambaya. Da suka gwada sakamakonsu da na wasu hanyoyin gano maƙalun jabu, irin wadda ke farautar jimlolin da manhaja ta murɗe don ɓoye sata, sun tarar hanyoyin na yawan nuna mutane iri ɗaya.

Inda hanyar ke iya zaluntar mutum

Nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan, domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ce kwamfuta ce ta yi zaton. Akwai masu gaskiya da yawa da siffarsu za ta yi kama da ta mai saye. Masanin ƙididdiga yana taimaka wa ƙungiyoyi goma da ba su san juna ba. Mai kula da wata na'ura mai tsada yana shiga maƙalun duk wanda ya kawo samfur. A kimiyyar ƙwayar zarra, wata maƙala da ta fito a 2015 daga masu gwaji a cibiyar CERN tana ɗauke da sunaye 5,154. Sannan akwai matashin da ke jami'ar da ba ta da kayan aiki, wanda ya nemi abokan bincike ta intanet a ƙasashe uku domin babu mai yin fanninsa a kusa da shi. Abin da ake ta roƙon masana su yi ke nan, su tsallaka iyakar fanni da ta ƙasa. Zai zama babban zalunci a ce wanda ya amsa wannan kira shi ne na farkon shiga jerin waɗanda ake zargi.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Lissafin ya dogara ne da rumbun ya san wane ne wane. Rumbunan na yawan cakuɗa masu suna iri ɗaya, matsalar da aka daɗe da sani game da sunayen Sinawa irin su Wang da Zhang. Duk wanda ya san yawan masu amsa Muhammad Sani ko Abubakar Usman ko Aisha Ibrahim a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri zai gane haɗarin. Idan rumbu ya narkar da mutum huɗu ya mai da su ɗaya, sai a ga mai bincike guda yana rubutu kan noma da haɗa magunguna da nahawu da injiniyanci, da abokan rubutu da ba su san juna ba, wato ainihin siffar da ake farauta. Lambar shaidar mai bincike ta ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012 kuma kyauta ce, tana rage wannan, kuma duk mai wallafa da ke da irin waɗannan sunaye yana da dalili na musamman na riƙe ta da gyara bayanansa a ciki.

Ko da sunan na mutum ne da gaske, kasancewarsa a maƙalar jabu ba ya nufin ya sani. A Japan, ƙungiyar likitocin sa barci ta ƙasar ta tabbatar a 2012 cewa Yoshitaka Fujii ya ƙirƙiri bayanan maƙalu 172, kuma binciken ya nuna akwai waɗanda ya sa sunayensu ba da saninsu ba, har da kwaikwayon sa hannunsu. Duk da haka bin abokan rubutunsa bai tashi a banza ba: ta nan aka kai ga Yuhji Saitoh, wanda John Carlisle da John Loadsman suka tantance gwaje-gwajensa da lissafi, aka janye maƙalunsa da dama. Jerin sunaye ya nuna inda za a duba, alƙaluman cikin maƙalun ne suka yanke hukunci.

Wani abin da hanyar ba ta gani kwata-kwata shi ne kishiyar abin da aka ƙera ta dominsa. Yoshihiro Sato, likitan Japan da ya ƙirƙiri gwaje-gwaje kan karayar ƙashi, ya fito a maƙalu fiye da 130 tare da Jun Iwamoto na Jami'ar Keio. Lauyan Iwamoto ya shaida wa mujallar Science a 2018 cewa tun 2002 mutanen biyu suka fara sa sunan juna a rubuce-rubucensu. A idon lissafi wannan haɗin gwiwa ne mai lafiya, mai tarihi, mai maimaituwa. Haka ma al'adar nan ta "sa sunana in sa naka" tsakanin abokan sashe ɗaya, ko sa sunan shugaban sashe don girmamawa, wadda ba baƙuwa ba ce a jami'o'inmu. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a kira mutum marubuci: ya ba da gudunmawa ta gaske a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun ko gyaransa, ya amince da sigar ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi kan ingancin aikin. Sunan kyauta ya saɓa wa waɗannan kamar yadda sunan saye ya saɓa, amma taswirar abokan rubutu na saye kawai take kamawa.

Abin da ya biyo baya

Wata mujalla mai suna International Journal of Emerging Technologies in Learning ta janye maƙalu 30 bayan an kai mata hujjoji. Manyan kamfanonin ɗab'i sun ce za su bincika, an kuma janye wasu a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Jinkirin na da dalili: edita ba ɗan sanda ba ne, ba zai ga rasit ba, kuma marubucin da aka tambaya zai iya cewa shi bai san yadda taken maƙalarsa ya je shafin talla ba. Abin da ke hannun mujalla wanda mai bincike daga waje ba shi da shi shi ne tarihin maƙalar tun ranar da aka turo ta: sunaye nawa ta zo da su, yaushe aka nemi ƙara wasu, daga wane adireshi aka turo ta, su wa aka ba da shawarar su tantance ta. Buƙatar ƙara marubuta uku daga ƙasashe uku bayan an riga an karɓi maƙala ita ce alamar da ta fi kowacce saurin kamawa, kuma mujalla kaɗai ke ganinta. Mujallu da yawa sun tsaurara a nan, suna neman bayanin aikin da kowane sabon suna ya yi da amincewar dukkan marubuta a rubuce.

A Rasha kanta, gwamnati ta dakatar da sharaɗin wallafa a mujallun Scopus da Web of Science a watan Maris na 2022, bayan fara yaƙin Yukiren, ba don wannan badaƙala ba. A duniya kuwa matsalar ta ƙara girma: a 2023 an janye maƙalu fiye da 10,000, adadin da ba a taɓa gani ba a shekara guda, sama da 8,000 daga cikinsu daga mujallun Hindawi mallakar Wiley. Abalkina ta ci gaba da aikin. Tare da Dorothy Bishop ta Jami'ar Oxford sun bankaɗo maƙalu shida na wani kamfanin daban a wata mujallar ilimin halayyar ɗan Adam ta Wiley, aka kuma janye su. A watan Disambar 2024 mujallar Nature ta sa ta cikin mutum goma da suka yi tasiri a kimiyya a wannan shekara.